Horar da Jami'an Bincike kan Kimiyyar Gano Hujja: Abin da Ƙasar Gumel ke Buƙata daga Kwasa-kwasan Ƙwarewa

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin irin horon da ya dace a bai wa jami'an binciken laifuka a ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a fannin kimiyyar gano hujja. An bi hanyar nazarin rubutattun dokoki da ƙa'idojin ƙasa da ƙasa, aka auna su da yanayin ƙasa da na zamantakewar yankin. Nazarin ya nuna cewa hujja ta fi lalacewa a sa'o'in farko, a hannun jami'in da ya fara isa wurin da abu ya faru, tun kafin ta kai ga masani ko na'ura. Don haka takardar ta ba da shawarar kwas mai matakai uku wanda zai fi ba da ƙarfi ga kurata da masu bincike na caji ofis, kuma a riƙa auna nasararsa da ingancin abin da ke isa gaban alƙali.

1.0 Gabatarwa

Kimiyyar gano hujja, a ma'anar da aka ɗauka a nan, ita ce amfani da ilimin kimiyya wajen nemo alamomin da aikata laifi ya bari, da adana su, da fassara su domin amfanin kotu. Alamomin sun haɗa da sawun ƙafa, zanen yatsa, jini, kwanson harsashi, rubutun hannu, ƙwaya, da bayanan da ke cikin wayar salula. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin mara laifi har sai an tabbatar da laifinsa, sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 kuwa ya ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatarwar da ba ta bar kokwanto mai ma'ana ba. Jami'in da bai iya tattara hujjar zahiri ba, abin da ya rage masa shi ne maganar shaidu da iƙirarin wanda ake tuhuma, kuma dukansu biyu suna iya rushewa a kotu.

1.1 Manufa

Takardar tana da manufa uku: ta fayyace inda gurbin horo yake tsakanin caji ofis da ɗakin gwaje-gwaje, ta nuna yadda yanayin ƙasar Gumel ke sauya abin da ya kamata a koyar, ta kuma gabatar da tsarin kwas da za a iya aiwatarwa da cibiyoyin da ake da su a Jigawa da Kano.

2.0 Bitar Ra'ayoyin da Suka Gabata

2.1 Masu kafa fannin

A 1893 Hans Gross, alƙalin bincike ɗan ƙasar Ostiriya, ya wallafa littafin jagora ga masu binciken laifi, inda ya tsaya a kan cewa mai bincike da kansa ne ya kamata ya san abin da likita da masanin sinadarai za su iya yi masa. A 1909 Archibald Reiss ya kafa cibiyar koyar da fannin a Jami'ar Lozan ta Suwizalan, a 1910 kuma Edmond Locard ya buɗe ɗakin gwaje-gwajen 'yan sanda a birnin Liyon na Faransa. Ga Locard ake jingina ƙa'idar musayar alama, wadda ke cewa duk haɗuwar abu biyu tana barin wani saura a jikin kowannensu. Zanen yatsa ya shiga aikin 'yan sanda bayan littafin Francis Galton na 1892, rundunar 'yan sandan Scotland Yard kuma ta buɗe sashensa a 1901.

2.2 Masu fifita ɗakin gwaje-gwaje

Bayan Alec Jeffreys ya gano hanyar bambanta mutane ta ƙwayoyin halittar gado, wato DNA, a Jami'ar Lesta ta Ingila a 1984, hankali ya karkata ga na'ura. Shari'ar laifi ta farko da aka yi amfani da hanyar tana da darasi ga wannan nazari: a 1986 gwajin ya wanke wani matashi da ya riga ya amsa laifin kisan da bai aikata ba, sannan ya kai ga ainihin mai laifin, Colin Pitchfork, wanda aka yanke wa hukunci a 1988. Daga nan aka sami masu ganin cewa zuba kuɗi a ɗakunan gwaje-gwaje shi ne maganin raunin bincike.

2.3 Masu jan hankali kan kuskure

Wannan ra'ayi ya gamu da suka. A 2004 hukumar FBI ta Amurka ta danganta wani zanen yatsa na harin jiragen ƙasa na Madrid ga wani lauya ɗan Amurka, daga baya ta janye ta nemi afuwa. Rahoton Cibiyar Kimiyya ta Ƙasar Amurka na 2009 ya nuna cewa, in ban da gwajin DNA, yawancin hanyoyin kwatanta alama ba su sami tantancewar kimiyya da ta isa ba, ya kuma yi kira da a daidaita horo da ba da lasisi. A shekarar dai, Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai Yaƙi da Miyagun Ƙwayoyi da Laifuka ya fitar da jagora ga jami'an da ba masana ba ne amma su ke fara isa wurin laifi. Sanarwar Sidni ta 2022 kan kimiyyar gano hujja ta mayar da alamar da aka tsinta a wurin laifi ta zama cibiyar fannin gaba ɗaya.

2.4 Fiƙihun Musulunci

Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna ƙarina, wato alamar zahiri da ke nuni ga gaskiyar lamari. Ibnu Farhun, malamin Malikiyya, ya yi bayaninta a Tabsiratul Hukkam, haka ma Ibnul Ƙayyim a Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya, kuma sukan kafa hujja da ƙissar rigar Annabi Yusuf (AS) da ta yage ta baya. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta halatta binciken gawa domin gano musabbabin mutuwa a shari'ar laifi a 1987, a 2002 kuma ta amince da gwajin DNA a binciken laifuka, ban da tabbatar da haddi da ƙisasi. Wannan yana da muhimmanci a Jigawa, inda kotunan shari'ar Musulunci ke sauraron ƙararrakin laifi tun daga shekarar 2000.

Gurbin da wannan bita ta bayyana shi ne, yawancin rubuce-rubucen an yi su ne da tunanin birni mai ɗakin ajiyar gawa da wutar lantarki da ɗakin gwaje-gwaje a kusa. Karkara mai rairayi da iyaka a buɗe ba ta sami kulawa ba.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar nazarin rubutattun bayanai. Rukunin farko shi ne dokoki: Dokar Shaida ta 2011 da gyaranta na 2023, Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, Dokar Haramta Azabtarwa ta 2017, Dokar Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda ta 2019, da Dokar 'Yan Sanda ta 2020. Rukuni na biyu shi ne ƙa'idojin ƙasa da ƙasa kan kula da wurin laifi da tantance gawarwaki. An raba tafiyar hujja gida huɗu: ganowa, adanawa, jigila, da gabatarwa a kotu. A kowane mataki an yi tambaya biyu: mene ne ke iya lalata hujja a yanayin ƙasar Gumel, kuma wane jami'i ne hujjar ke hannunsa a lokacin? Wajen auna tasirin horo an yi amfani da matakai huɗu na Donald Kirkpatrick na 1959: gamsuwar mahalarta, abin da suka koya, sauyin aikinsu, da sakamakon ƙarshe.

4.0 Fagen Nazari

Masarautar Gumel ɗaya ce daga masarautu biyar na Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙira daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Sarautar Mangawa ce mai tsohuwar alaƙa da Barno, kuma tsohuwar hedikwatarta, Tumbi, tana cikin Jamhuriyar Nijar a yau. Wannan tarihi ya isa ya nuna cewa zumunci da auratayya da fatauci sun girmi layin iyaka. Maigatari da Sule Tankarkar suna maƙwabtaka da jihar Damagaram ta Nijar. Kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, tana tara shanu da raƙuma da tumaki da awaki daga Nijar da ƙasashen da ke bayanta, ana lodinsu zuwa kudancin Nijeriya. Maigatari na cikin iyakoki huɗu da aka fara buɗewa a Disambar 2020 bayan rufewar iyakokin Nijeriya ta Agustan 2019. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, aka buɗe a Maris 2024.

Ƙasar jigawa ce mai rairayi. Zafi yakan haura digiri 40 a watannin bazara, hunturu na zuwa da iska da ƙura, damina kuma gajera ce. Ire-iren laifukan da suka fi buƙatar hujjar zahiri a irin wannan yanki su ne satar dabbobi da babura, fashi a hanyoyin kasuwa, rikicin manoma da makiyaya, safarar ƙwaya, fyaɗe, da damfara ta waya.

5.0 Nazari

5.1 Inda horo yake da inda aiki yake

Nijeriya tana da cibiyoyin horo. Akwai Makarantar Horar da Hafsoshin 'Yan Sanda ta Wudil, wadda aka kafa a 1988 kuma yanzu take ba da digiri. Akwai Kwalejin Masu Bincike ta Inugu da Kwalejin Manyan Jami'ai ta Jos. Hukumar EFCC tana da makarantarta a Karu, Abuja, hukumar NDLEA kuma a Jos. Ɗakunan gwaje-gwajen rundunar 'yan sanda suna Legas da Abuja. Cibiyar gwajin DNA ta gwamnatin Legas, wadda aka buɗe a 2017, an lalata ta a tarzomar Oktoban 2020.

Abin lura shi ne, waɗannan cibiyoyi hafsoshi da ƙwararru suke yayewa, alhali wanda ke fara isa wurin laifi a ƙauyen Gagarawa ko Sule Tankarkar kurtu ne ko kofur daga ƙaramin ofishi, sau da yawa bayan mai unguwa da bulama da 'yan sintiri da jama'ar gari sun riga shi. Manyan laifuka irin su kisa da fashi ana miƙa su ga sashen binciken manyan laifuka a Dutse, amma kafin fayil ya isa can, an share wurin, an wanke tabarma, an binne gawa. Abin da jami'in farko ya bari ya ɓace, babu na'urar da za ta dawo da shi. Nan ne gurbin yake, kuma bitar kwana biyu a otel, wadda ake rufewa da raba takardar shaidar halarta, ba ta cike shi, domin ba ta wuce matakin farko na ma'aunin Kirkpatrick.

5.2 Sawu a rairayi

Bin sawu tsohon ilimi ne a wannan yanki. Mafarauta da makiyaya kan bambanta sawun dabbar da ake kora da na wadda ke kiwo, su kuma ƙiyasta daɗewarsa. Rauninsa a kotu shi ne ba ya barin abin da alƙali zai duba da idonsa. Aikin kwas shi ne ya koya wa jami'i mayar da wannan sani abin da za a ajiye.

A ɗauki misalin garken da aka kwashe cikin dare. Jami'in da ya sami horo zai fara da tsayar da jama'a nesa, ya zaɓi hanya ɗaya ta shiga da fita daga gefen da ɓarayin ba su bi ba. Idan ya sami sawun takalmi mai kyau, zai kife masa kwali ko roba don kada iska ta cike shi. Zai ajiye ma'auni a gefensa daidai da zurfin sawun, ya riƙe waya a saitinsa daga sama ba a karkace ba, ya haska tocila daga gefe kusa da ƙasa domin inuwa ta fito da zanen tafin takalmin da inda ya cinye. Hantsi da la'asar sun fi tsakar rana dacewa da wannan hoto. Idan zai ɗauki gurbin sawun da filasta, sai ya fesa abin da zai riƙe rairayin, ya zuba kwaɓin a hankali ta bayan cokali daga gefe, ya bar shi ya daskare, ya rubuta kwanan wata da wuri da sunansa a baya. Haka za a yi wa sawun tayar babur. Sannan a rubuta bayanin mai bin sawun a matsayin shaida, a kuma ɗauki hoton alamun dabbobin da suka rage, irin su tsagar kunne da lalas, domin kwatantawa da waɗanda za a iya gani a kasuwa. Duk kayan aikin nan ba su wuce abin da jaka ɗaya za ta ɗauka ba.

5.3 Zafi da kayan jini

Zafi da danshi da hasken rana kai tsaye suna lalata ƙwayoyin halitta. Kuskuren da ya fi sauƙin aukuwa shi ne cusa riga mai jini a leda a ƙulle. Cikin zafin Afrilu ledar za ta yi gumi, ƙwayoyin cuta su hayayyafa, rigar ta yi fumfuna, samfurin ya tashi daga aiki. Ƙa'idar ita ce a shanya kayan a inuwa a kan takarda mai tsabta, inda ƙuda ba ya kaiwa, sannan a sa kowane abu a ambulan ɗinsa na takarda. Ba a haɗa kayan wanda ake tuhuma da na wanda aka cuta a wuri ɗaya, kuma ana sauya safar hannu tsakanin abu da abu. Busasshen samfuri yana jure doguwar tafiya ba tare da firji ba, wanda hakan ke da amfani inda wuta ba ta da tabbas.

A laifin fyaɗe, lokaci ne ke hukunci. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin sa'o'i 72, samfurin jiki ma yana raguwa da wanka da wucewar kwanaki. Jigawa tana da cibiyar kula da waɗanda aka ci zarafinsu a Babban Asibitin Dutse, jihar ta kuma kafa dokar haramta cin zarafi a 2021. Daga ƙauyukan iyaka zuwa Dutse tafiya ce mai nisa, don haka wajibi ne horon ya haɗa da ma'aikatan jinya na Babban Asibitin Gumel da na sauran ƙananan hukumomin, tare da 'yan sanda mata, a kuma koyar da neman izini da kiyaye sirri.

5.4 Gawa da gaggawar jana'iza

Musulunci ya yi umarni da gaggauta binne mamaci, zafi ma yana tilasta hakan, iyalai da yawa kuma ba sa amincewa da fiɗar gawa. Kwas ɗin da ya ɗauki wannan a matsayin cikas kawai ba zai yi tasiri ba. Akwai aiki mai yawa da za a iya yi kafin wanka ba tare da jinkirta jana'iza ba: hoton gawa a yadda aka same ta, hoton kowane rauni da ma'auni, rubuta sandarewar gaɓoɓi da lokacin da aka duba, ɗaukar abin da ke ƙarƙashin farce, ajiye tufafi, da binciken likita na zahirin jiki. Inda fiɗa ta zama dole, fatawar 1987 da aka ambata hujja ce da limami zai iya yi wa iyali bayani da ita, kuma maganarsa ta fi ta jami'i shiga.

Gobarar tankar man fetur ta Majiya a ƙaramar hukumar Taura, daren 15 ga Oktoba, 2024, wadda ta kashe fiye da mutum 150, ta nuna wata buƙatar. An yi jana'izar bai-ɗaya, da yawa daga mamatan sun ƙone ba a iya gane su. Ƙa'idar Interpol ta tantance gawarwakin bala'i ta dogara da abu uku: zanen yatsa, haƙora, da DNA. Ko inda ba za a iya gwajin nan take ba, jami'an da suka sami horo za su iya bai wa kowace gawa lamba, su ɗauki hoto da samfuri, su rubuta gurbin da aka sa ta a kabari. Wannan yana buɗe ƙofar tantancewa daga baya, abin da ke da tasiri a kan gado da takaba.

5.5 Waya da iyaka

Wayar salula ta zama shaida a yawancin laifuka. Jami'in da ya kama waya ya shiga duba saƙonni ya riga ya sauya bayanan da ke ciki, ya kuma ba lauyan wanda ake tuhuma abin kamawa. Abin da ake koyarwa shi ne a yanke ta daga sadarwa, a rubuta lambarta ta IMEI mai alƙaluma 15, a rufe ta a ambulan, a miƙa wa wanda zai kwafi bayanan da na'urar da ba ta taɓa asali. Sashe na 84 na Dokar Shaida ya gindaya sharuɗɗa da takardar tabbatarwa kafin a karɓi abin da kwamfuta ta fitar. Haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa, wanda aka fara tilastawa a Disambar 2020, ya sauƙaƙa bin diddigi, amma a bakin iyaka mutane da yawa suna riƙe da layukan Nijar, waɗanda wannan tsari bai shafa ba.

Tsarin shari'ar Nijar na Faransa ne, jandarmomi da 'yan sandanta da Faransanci suke rubuta rahoto. Ficewar ƙasar daga ECOWAS, wadda ta tabbata a Janairun 2025, ta raunana wasu hanyoyin haɗin gwiwa, sai dai ita ma mamba ce a Interpol, kuma Hausa ce harshen da jami'an ɓangarorin biyu ke magana da shi. Ya kamata kwas ya koyar da yadda za a karɓi dabba ko babur da aka ƙwato a ƙetare da takardar miƙawa mai sa hannu. Haka nan, tun da 'yan sanda da kwastam da jami'an shige da fice da NDLEA da sibil difens duk suna aiki a Maigatari, horar da su tare a kan fom iri ɗaya zai rage ɓacewar hujja tsakanin hukuma da hukuma. A kamun ƙwaya irin su taramol, gwajin launi na nan take nuni ne kawai; tabbaci sai daga ɗakin gwaje-gwaje.

5.6 Silsilar riƙon hujja da iƙirari

Silsilar riƙon hujja ita ce rubutaccen tarihin duk hannun da kayan shaida ya bi, daga wurin laifi zuwa teburin kotu: wa ya ɗauka, yaushe, wa ya karɓa, a ina aka ajiye. Ga mai karatun addini tsarin ba baƙo ba ne, domin kamar isnadin hadisi yake: in aka rasa mutum ɗaya a tsakiya, abin da aka ruwaito ya yi rauni ko da gaskiya ne. A aikace, ana manne bakin ambulan da salatif, jami'i ya sa hannu rabi a kan salatif rabi a kan takarda, a shigar da lambar a rajistar mai ajiyar kayan shaida.

Ƙarfin hujjar zahiri yana rage dogaro da iƙirari. Sashe na 29 na Dokar Shaida ya hana karɓar iƙirarin da aka samu ta tursasawa, Dokar 2017 ta mayar da azabtarwa laifi, sashe na 15(4) da na 17 na Dokar 2015 kuma sun tanadi naɗar bayani a bidiyo da kasancewar lauya ko wani wakili. Idan wanda ake tuhuma ya ce tilasta masa aka yi, kotu kan tsaya ta yi shari'a cikin shari'a, abin da ke cin watanni. Saboda haka dabarun yin tambayoyi ba tare da tursasawa ba, irin tsarin da Ingila ta ɗauka a 1992 da ƙa'idojin Mendez na 2021, ɓangare ne na wannan horo.

6.0 Tsarin Kwas da Aka Ba da Shawara

6.1 Matakin farko: masu fara isa wuri. Na kowane kurtu da kofur da saje ne, da takwarorinsu na sauran hukumomi. A koyar da Hausa da Turanci, a filin rairayi na gaske: killace wuri, rajistar masu shiga, hoto da ma'auni, busarwa da rufe kaya. A ware zama na musamman ga hakimai da bulamai da limamai da shugabannin 'yan sintiri da na kasuwar dabbobi, kan abin da ba a taɓawa kafin hukuma ta zo.

6.2 Mataki na biyu: masu kula da wurin laifi. A zaɓi jami'ai kaɗan a kowane caji ofis na ƙananan hukumomin huɗu, ciki har da mata, a ba su horo mai tsawo kan zanen yatsa, gurbin sawu, kwanson harsashi, zana taswirar wuri, rubuta rahoto, da ba da shaida a gaban lauyan da ke yi musu tambayoyin ƙure. A yi yarjejeniya da rundunar kada a sauya musu wurin aiki kafin su horar da magada.

6.3 Mataki na uku: ƙwararru. Nazarin waya, sinadarai da binciken gawa su kasance a Dutse da Kano, da haɗin gwiwar makarantar Wudil, Jami'ar Tarayya ta Dutse mai sashen nazarin laifuka da tsaro, Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da na Malam Aminu Kano. Sashe na 68 na Dokar Shaida ya ba da damar karɓar ra'ayin masani, don haka a haɗa majistarori da alƙalan kotunan shari'a da lauyoyin gwamnati a bitar da za ta nuna musu ƙarfin kowace hanya da iyakarta.

6.4 Kuɗi da kayan aiki. Horo da kayan aiki na cikin dalilan kafa Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda a 2019. Safar hannu da ambulan da auduga da filasta kayan ƙarewa ne, don haka suna buƙatar kasafi na dindindin daga jiha da ƙananan hukumomi. Jami'in da aka horar aka bar shi hannu rabbana zai koma wa leda.

6.5 Aunawa. Ba za a ba da takardar shaida ba sai an ci jarrabawar aiki a fili. Bayan wata shida a duba fayilolin da jami'in ya haɗa: akwai hoto mai ma'auni? Silsilar ta cika? Kotu ta karɓi kayan shaidar ko ta ƙi?

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa a ƙasar Gumel makomar hujja tana hannun ƙaramin jami'in da ya fara isa wuri, kuma rairayi da zafi da gaggawar jana'iza da kusancin iyaka su ne ya kamata su tsara manhajar horonsa. Ta nuna kuma cewa ilimin bin sawu da fiƙihun ƙarina ginshiƙai ne da za a ɗora kwas a kansu, ta yadda jama'a da alƙalai za su karɓe shi. Shawarar ƙarshe ita ce rundunar 'yan sandan Jigawa da Ma'aikatar Shari'a ta jiha su fara gwada matakin farko da na biyu a caji ofisoshin Gumel da Maigatari na tsawon shekara ɗaya, su kwatanta fayilolin da aka haɗa kafin horo da na bayansa, sannan su yanke shawarar faɗaɗa shi zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar da sauran masarautun jihar bisa abin da kwatancin ya nuna.